Hanyoyin Rubuta Tarihin Babban Alƙali

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana hanyoyin da ya kamata mu bi wajen rubuta tarihin babban alƙali. Misalinmu shi ne Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962. Littafin tarihinsa, Where I Stand, wanda suka tsara tare da Isma'ila Tsiga, ya fito a 1992, shekarar da ya rasu. Da an jinkirta aikin, da ba a ji daga bakinsa ba.

Sai dai bayanin mai tarihi shi kaɗai ba ya wadatarwa, domin alƙali ba ya zama shaidar kansa. Wajibi ne a gwada maganarsa da littattafan kotu, da takardun gidan adana kayan tarihi na Kaduna, da kuma bayanin muhutai da waɗanda aka yanke wa hukunci.

A ƙasar Gobir lamarin ya fi gaggawa. Bisa ga ruwaya, Alƙalawa, wadda aka ci a 1808, daga alƙalai ta samo sunanta. A Sabon Birni da Isa, dattawan da suka ga kotunan En'e suna ƙarewa, 'yan bindiga kuma sun tarwatsa ƙauyuka da dama. Saboda haka muna kira ga kwalejojinmu da su fara ɗaukar bayanin waɗannan dattawa tun yanzu.