Kashi na biyu, na uku, har na goma: finafinan da ke cin kuɗin tallan yara a Arewa

Duk wanda ya san Dogon Dutsi, Matankari, Tibiri ko Kore Mairuwa, ya san cewa sinimar mutanen Arewa ita ce gidan kallon bidiyo: zana ko langa-langa, ƴan bencina, telabijin ɗaya da injin wuta yana ruri a baya. Babbar sinima ta zamani sai Yamai, inda aka buɗe Canal Olympia a shekarar 2017. Kaset ya wuce, faifan CD ma ya ja baya, yanzu a salula ake tura fim, amma abin da matasa ke nema bai sake ba, wato faɗa da dariya.

Masu shirya finafinan faɗa sun daɗe da gane dabarar ƴan kasuwa: in haja ta karɓu, sai a sake mata kwali a dawo da ita. Rambo ya fara fitowa a 1982, aka ƙara a 1985 da 1988 da 2008, sannan na biyar a 2019, lokacin da Sylvester Stallone ke da shekara 73. Gaskiya na ƙarshen nan jini ne kawai da yanke-yanke, labarin bai cika cokali ba. Shi kuwa Fast and Furious na tseren motoci, tun 2001 ake jan shi, har a kashi na tara aka harba mota sararin samaniya. Direbobin da ke fama da lodin albasa a kan hanyar Ƙonni sun san iyakar abin da mota ke iyawa. Na goma, wanda ya fito a 2023, ya tsaya ne a tsakiyar labari. A kasuwa wannan shi ne a karɓi kuɗin tiya a auna maka rabi.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Baahubali na Indiya, wanda masu fassara na Kano suka sa ya zama ɗan gida, ya bar mutane a 2015 da tambayar me ya sa amintaccen bawa Kattappa ya kashe ubangidansa. Kashi na biyu a 2017 ya ba da amsa, kuma amsar ta gamsar. Akwai sarauta, akwai amana da cin amana, akwai uwa da ɗa. Wannan ya ci kuɗinsa.

Inda ya kamata iyaye mata su sa ido shi ne finafinan barkwancin samari na Amurka, irin su American Pie na 1999 da ƙannensa na 2001 da 2003. Sunan wasa ne, amma cikinsa batsa ce da shaye-shayen ƴan makaranta, kuma yaro ba ya bukatar jin harshen kafin ya gane abin da idonsa ke gani. Mai tura fim kuwa sau da yawa cika salula yake yi da duk abin da ya samu, ba tare da tambayar shekarun mai ita ba. In dariya ake so, ga finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014, har yau suna sa a riƙe ciki, uwa da ɗiya kuma suna iya zama su kalla tare.

Sai batun kuɗi. Dala biyar yau, dala goma gobe, daga cinikin ƙosai ko ƙuli-ƙuli suke fita, kuma fim mai kashi goma sau goma ake biyan shi. Uwar da ta ga kuɗin talla sun soma ƙin cika da dare, kafin ta zargi masu cin bashi, ta bincika ko wane kashi ake nunawa a unguwa a wannan mako.