Tsohon lens ko mai saita kansa: darasin da na koya tsakanin Goronyo da Rabah

Masu ɗaukar bidiyon waƙa sun sha tambaya ta wane lens ya fi, tsoho na murzawa da hannu ko sabo mai otofokas. To bari in ba ku abin da ya same ni.

A hunturun bara muka je dam ɗin Goronyo ɗaukar waƙar wani yaro da ya sayar da babur ɗinsa ya biya kuɗin aikin. Na ɗora Canon 50mm f/1.8 na bar shi ya saita kansa. Otofokas dai bambancin haske da duhu yake nema kafin ya kama abu, ranar kuwa hazo ya shafe komai. Sai ya riƙa kai da komo, ya kama mawaƙin, ya sake shi, ya koma kan 'yan rawa. Da na duba a kwamfuta, wallahi rabin aikin dishi-dishi ne.

Washegari muka sake ɗauka a fadamar Wurno da Helios 44-2, tsohon lens ɗin Tarayyar Sobiyet mai 58mm, wanda ake ɗaurawa da adaftar M42. Na ja layi a ƙasa inda mawaƙin zai tsaya, na murza na bari. Ko motsi bai yi ba, ga bayan hoton ya narke yana ɗan juyawa, gwanin kyau. Shi ya sa a manyan finafinai har yau akwai mutum guda da aikinsa kawai murza fokas.

Amma kar ku yi saurin yanke hukunci. Da na ɗauki girman kai na tafi da shi wani biki a Rabah, sai na sha kunya. In ka buɗe shi a f/2, mutum na nesa da kai mita 2, wurin da ke fita tar bai fi tsawon tafin hannu ba. Angon ya taho a kan doki, kafin in murza ya wuce. Wa zai ce wa ango ya koma ya sake? Da otofokas na zamani ne, irin Dual Pixel da Canon ta fito da shi a 2013, da ya bi fuskarsa tiryan-tiryan.

Don haka yanzu tambaya ɗaya nake wa kaina kafin in buɗe jaka: wannan abin za a iya maimaita shi? In waƙa ce ko fim, inda darakta zai ce a sake, tsohon lens nake ɗauka. In biki ne, ko kokawa, ko sukuwa, sai mai saita kansa, ko da hazo.

Wanda kuɗinsa bai kai biyu ba, ya sayi sabon, don yana da maɓallin da ke mayar da shi na hannu. Ku fa, wanne ya taɓa ba ku kunya?