Kyau da Tsufa a Layi 14: Yadda Ɗan Ƙonni Zai Karanta Sonet

A watan Maris na 2025 aka fitar da kundin sake gina ƙasa wanda ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Mutanen Birnin Ƙonni dama sun saba da Ingilishi, tunda Illelar Najeriya na ƙetaren iyaka, Sakkwato kuma ba ta kai kilomita 100 ba. Amma Ingilishin ciniki daban, na adabi daban. Ɗalibin Ƙonni ko Malbaza ko Illela da ya zurfafa a wannan harshe, a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, sai ya haɗu da wata gajerar waƙa mai layi 14 da ake kira sonet. Da yawa kan haddace ta don jarrabawa su wuce. Alhali Bahaushen da ya tashi yana jin waƙoƙin wa'azi da na fada yana riƙe da mabuɗanta, in ya san ƙofar da zai sa su.

An ƙirƙiri sonet a tsibirin Sisili na Italiya a ƙarni na 13. Petrarch, wanda ya rasu a 1374, shi ya ɗaukaka ta da waƙoƙin begen wata mata mai suna Laura. A ƙarni na 16 Thomas Wyatt da Henry Howard suka shigo da ita Ingilishi. Wanda ya fi shahara da ita shi ne William Shakespeare, haifaffen 1564, marubucin wasan da Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa da sunan Daren Sha Biyu. A 1609 aka buga sonet ɗinsa guda 154 a Landan, kuma da lambobinsu ake kiransu. Na 1 zuwa na 126 yawanci da wani kyakkyawan saurayi suke magana, na 127 zuwa na 152 kuma da wata mace mai baƙin gashi da baƙaƙen idanu. Damuwar da ta fi yawan dawowa cikinsu ita ce ɓarnar da zamani ke yi wa kyau.

Abu na farko shi ne a gane ginin. Sonet ɗin Shakespeare baiti uku ne ƴan ƙwar huɗu, sai ɗan ƙwar biyu ya rufe. A kowane ƙwar huɗu, layi na ɗaya yana amsa-amo da na uku, na biyu da na huɗu, kuma kowane baiti da nasa sabon amo. Wannan ya saɓa wa rubutacciyar waƙarmu, inda babban amsa-amo ɗaya kan bi ƙarshen kowane baiti har a kammala. Yawanci kowane layi gaɓa 10 ne, kuma karinsa ya rataya a kan inda murya ke dannawa, ba a kan tsawon gaɓa da gajartarta kamar yadda arulinmu yake ba. Saboda haka a karanta da baki, kunne ya ji. Sannan a nemi wurin da magana ta juya, wanda yakan zo a layi na 9 ko a layuka biyu na ƙarshe. Sonet hujja ce ake kafawa: a shimfiɗa zance, a ƙarfafa shi, a juya, a yanke hukunci.

Abu na biyu, kuma nan masu karatu a yankinmu suka fi tuntuɓe, shi ne yanayi. A sonet ta 18 mawaƙin ya auna wanda yake yabo da ranar lokacin ɗumi na ƙasarsu. Wanda ya sha zafin Afrilu da Mayu a Ƙonni, lokacin da awon zafi ke haura 40, zai ce wannan ai zagi ne. To, a Ingila watannin Yuni zuwa Agusta su ne sanyin idon shekara: ganye shar, furanni sun buɗe, rana kan kai ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba, bayan an fito daga dogon sanyi mai duhu. Abin da Bature ke ji a ransa game da wannan lokaci shi manomin Adar ke ji da safiyar da aka kwana ana ruwa, gero ya yi kore. Da wannan fahimta sai hujjar ta fito: lokacin daɗi gajere ne, kowane kyau yana dusashewa, amma mawaƙin ya yi alkawarin cewa wannan kyan zai zauna muddin ana karanta waƙar.

Haka ma zubar ganye. A wurinsu bishiyar da ta kaɗe alamar ƙarshen shekara ce da ƙarshen rayuwa. Mu kuwa muna da gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, don haka idonmu bai saba karanta tsiraicin bishiya da ma'ana ɗaya ba. Mai karatu ya ari idon mawaƙin tukuna kafin ya dawo da nasa.

Sonet ta 73 ta fi kowacce nuna gwanintar ginin. Mai magana ya ga tsufa ya kama shi, sai ya kawo hotuna uku, kowane baiti da nasa. Na farko bishiya ce a ƙarshen kaka, saura ƴan ganye, tsuntsaye sun tashi. Na biyu almuru, haske na janyewa. Na uku garwashi da ke shirin mutuwa a kan tokarsa. A lura da yadda lokaci ke ƙunƙuncewa: daga shekara zuwa yini, daga yini zuwa ɗan abin da ya rage wa wuta. A kuma lura cewa bishiya za ta sake toho, gari zai sake wayewa, amma itacen da ya zama toka ya tafi ke nan. Mawaƙin ya fara da misalan da ke da sauran fata, ya ƙare da wanda ba shi da ita. Ƙwar biyun ƙarshe ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi ganin rabuwa ta kusa shi ke ƙara wa ƙauna ƙarfi.

Wane magani Shakespeare ya ba tsufa? Sonet 17 na farko kusan duk roƙon saurayin suke ya yi aure ya haihu, kyansa ya koma fuskar ɗansa. A ta 2 an kwatanta masa ranar da shekara 40 za su tona ramuka a goshinsa. Kakanninmu sun taƙaita wannan da cewa haihuwa maganin mutuwa. Magani na biyu waƙa ce, kuma wannan ma mun san shi: sunan Sarkin Gobir na Isa Amadu yana bakin mutane har yau saboda waƙoƙin Narambaɗa. Sai dai makaɗin fada yana kiran suna da asali, Shakespeare kuwa bai faɗi sunan saurayin ba. Haruffa biyu ne kawai, W da H, a shafin sadaukarwa, kuma masana na ta jayayya a kansu. Waƙar ta rayu, wanda aka yi wa alkawarin dawwama ya ɓace.

Akwai kuma sonet ɗin da ke yi wa yabon ƙarya dariya. A ta 130 mawaƙin ya ƙi kwatanta masoyiyarsa da rana ko fure, ya bayyana ta mutum mai taka ƙasa, sannan ya rantse ba ta gaza kowace macen da aka zuzuta ba. A ta 127 ya soki masu aron fuska da shafe-shafe, ya yabi baƙin kyau a zamanin da fari ake yayi. Duk wanda ya ga yadda mayukan sauya launin fata ke tafiya a kasuwanninmu ya san zancen bai tsufa ba. A ta 138 kuwa namiji yana ɓoye shekarunsa, mace tana ɓoye halinta, kowa ya gane kowa, suna zaune a haka.

Inda hanyoyi suka rabu shi ne makoma. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta, kusa da Galmi, a 1754, kuma waƙoƙin wa'azin da shi da ƴarsa Nana Asma'u da almajiransu suka bari suna ganin abin da Shakespeare ya gani: ƙuruciya aro ce, duniya budurwar wawa. Amma su suna nuna furfura don a tuna kabari a yi guzurin lahira. Yawancin sonet ɗin Shakespeare suna neman mafaka a nan duniya, a zuri'a da waƙa da ƙauna, ko da yake a ta 146 shi ma ya juya ya gargaɗi ransa da ya daina ƙawata jikin da tsutsa za ta ci.

Malamin Ingilishi a makarantun Ƙonni, Malbaza da Illela zai ci riba in ya ajiye sonet ta 73 kusa da wata waƙar wa'azi da yara suka saba ji, ya tambaye su abu uku: me kowane mawaƙi ya gani a jikin tsoho, a ina maganarsa ta juya, kuma me ya ce a yi. Yaron da ya amsa waɗannan ya koyi karatun waƙar Ingilishi, ya kuma fara sauraron tasa ta gida da kunnen mai nazari.