Injin Da Ke Auna Kansa

Ɗaliban Kwalejin Fasaha da ke Tudun Wada, Kaduna, wadda aka kafa a 1956, sun saba da ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe, inda ma'aikaci ke murɗawa da hannu yana dubawa da ido. To, amma a manyan masana'antu akwai injunan da tsawonsu ya kai mita 10. A nan ido ba ya wadatarwa.

Dalili kuwa, ƙarfe yana miƙewa da zafi. Sandar da ke tura wuƙar injin, in mai mita 10 ce, takan ƙaru da fiye da milimita ɗaya idan zafi ya hau da digiri 10, watau kamar tsakanin safiyar hunturu da azahar a Kaduna. Wannan kaɗai ya isa ya ɓata aikin mako guda.

Shi ya sa akan shimfiɗa zirin gilashi ko na ƙarfe mai siraran layuka a jikin injin. Haske yana ƙirga layukan, ya sanar da kwamfuta inda wuƙar take. Ita kuma ta gwada da inda ya kamata, ta umarci moto ya gyara nan take.

Sai dai zirin ma yana jin zafi, ƙura kuma tana makantar da shi. Don haka ƙa'idar awo ta duniya digiri 20 ce. Lalle jami'in da zai sayo wa gwamnati irin wannan inji ya tanadi ɗaki mai sanyi da ƙwararrun masu kula, in ba haka ba an yi asarar dukiyar jama'a.