Duwatsun Legas da Audugar Malumfashi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin dam ɗin Malumfashi ko na Mairuwa ranar da iskar hadari ta taso, ya ga yadda ruwa ke marin gaɓa yana gutsurar ƙasa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa magina kan shimfiɗa duwatsu a jikin madatsa, ta ɓangaren da ruwa yake. To, wannan wasan yara ne idan aka je teku.

A da, yashi ne ya toshe bakin mashigar Legas, ga igiyar ruwa mai kifar da kwale-kwale. Manyan jirage sai su tsaya can nesa, ƙanana su riƙa jidar kaya. Wajen 1908 Turawan mulki suka shiga zuba duwatsu cikin teku, jirgin ƙasa na kwaso su daga Aro, kusa da Abeokuta, har ganuwa ta miƙe gabas da yamma da mashigar. A 1914 jirgin wasiƙu mai suna Akoko ya shiga har ciki. Ta ƙofar nan audugar da aka gurza a Funtuwa da Malumfashi ta riƙa ficewa zuwa Ingila.

Ganuwar nan ba katanga ba ce sumul. Ƙananan duwatsu ake zubawa a tsakiya, a lulluɓe su da manya, a bar kafofi tsakaninsu. In igiya ta zo da fushinta sai ta kutsa cikin kafofin nan, ta tarwatse, ƙarfinta ya mutu. Can bayan ganuwar ruwa na kwance lamo, ana loda kaya.

Sai dai garin neman gira an kusa rasa ido. Teku a gaɓar Legas daga yamma yake turo yashi zuwa gabas. Da ganuwar ta tare hanya, yashi ya taru a yamma, gabas kuwa ta rasa, teku ya yi ta cin gaɓar Bar Beach shekara da shekaru har ruwa na malalowa kan titin Ahmadu Bello.

Maganin ma duwatsu ne. Masu aikin sabon birnin Eko Atlantic sun yaso yashi daga ƙasan teku sun cike wurin, suka kewaye shi da sabuwar ganuwa, samanta curin kankare masu ƙahonni da ke sarƙewa da juna, kowane ɗaya tan 5, wato nauyin buhun taki 100.