Golf GTI: Tsohuwar Ƙira Ko Sabuwa, Wacce Ta Dace Da Hanyar Maigatari?

Duk ranar Alhamis, hanyar Gumel zuwa kasuwar Maigatari kan cika da motocin Golf 3 ɗauke da fasinja da kaya. A zuriyar wannan mota akwai wadda aka ƙera musamman domin gudu, wato GTI.

Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da GTI ta farko a 1976, mai ƙarfin doki 110. Ƙira ta takwas, wadda ta fito a 2020, tana da turbo da ƙarfin doki 245, gudunta kuma ya kai kilomita 250 cikin awa guda.

Sai dai tsohuwar ta fi sauƙin sha'ani, domin bakanike na iya kwance injinta da sifana. Sabuwar kuwa kwamfuta ce ke sarrafa ta: in ta samu matsala sai an jona mata na'urar bincike, ga tsadar kayan gyara, ga rashin jure gurɓataccen fetur. Cikinta ma dab yake da ƙasa, yashin ƙauyukan Sule Tankarkar na iya kafe ta.

Don haka kafin mai saye ya tambayi gudunta, ya fara sanin wanda zai gyara masa ita.