Kafin a Zargi Lasifika: Gano Kuskure a Awon Sautin Ɗaki

Sau da yawa mutum kan ji lasifika a shago ta burge shi, ya saya, ya kai gida, sai ya tarar sautin ya sauya. Kiɗan ganga ya riƙa gunji a wata kusurwa, ya ɓace a tsakar ɗaki, muryar mai magana kuma ta cakuɗe. A yau, wanda yake da kwamfuta da makirufo na awo yana iya binciken wannan da kansa, ta amfani da manhaja irin REW, wadda ake samu kyauta a intanet. Sai dai sabon shiga, da zarar ya ga zanen sakamakonsa cike da tuddai da ramuka, yakan yanke hukuncin cewa kayan sautinsa ne ba su da kyau, ya shiga kashe kuɗi. A nan ne ake barin jaki ana dukan taiki, domin galibi laifin na ɗakin ne, ko na yadda aka yi awon.

Darasi daga Jami'ar Harvard

A shekarar 1895 Jami'ar Harvard ta ƙasar Amurka ta buɗe wani zauren lacca a gidan kayan fasaha na Fogg, amma ɗalibai ba sa fahimtar abin da malami yake faɗa. Kalma ɗaya takan ɗauki fiye da daƙiƙa 5 tana yawo a zauren, ta haɗu da kalmomin da suka biyo bayanta. Aka ɗora wa wani matashin malamin fiziks, Wallace Sabine, alhakin gyarawa. Kayan aikinsa su ne bututun busa mai fitar da sauti iri ɗaya, da agogon ƙidayar daƙiƙa, da kunnuwansa. Ya riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zauren, yana auna yadda ƙarinsu yake rage daɗewar amo.

Abubuwa biyu ne suka fi jan hankali a aikinsa. Na farko, da tsakar dare yake awo, saboda hayaniyar titi tana rufe ƙarshen sautin da yake saurare. Na biyu, ya watsar da awo fiye da 3,000 bayan ya gano cewa tufafin jikinsa suna shanye sauti, suna sauya sakamako. Daga nan ya riƙa sa tufafi iri ɗaya duk lokacin aiki. Wannan taka-tsantsan ne ya kai shi ga lissafin da har gobe ake amfani da shi, wanda kuma aka bi wajen tsara zauren kaɗe-kaɗe na birnin Boston da aka buɗe a 1900. Lissafin yana cewa lokacin da amo yake ɗauka kafin ya ragu da desibel 60 daidai yake da 0.161 sau girman cikin ɗaki, a raba da adadin abin da ke shanye sauti a cikinsa.

Yadda awon zamani yake gudana

Manhajar awo tana aika wa lasifika wani sauti mai tashi sannu a hankali daga mafi kauri zuwa mafi siranta, wato daga haz 20 zuwa haz 20,000, iyakar abin da kunnen ɗan Adam yake ji. Haz yana nufin yawan kaɗawar iska a daƙiƙa ɗaya. Angelo Farina na Jami'ar Parma a Italiya ne ya yaɗa wannan dabara a shekarar 2000. Makirufo yana ɗaukar abin da ya iso wurin zaman mai saurare, kwamfuta ta kwatanta shi da abin da aka aika.

Ƙa'idar farko ita ce maimaitawa. A yi awo sau 3 ba tare da an taɓa komai ba. Idan zanen ukun sun hau kan juna, an sami tushe. Idan sun bambanta, to ba a fara auna ɗakin ba tukuna, akwai abin da yake shiga tsakani.

Hayaniya ce abin tuhuma na farko. Fanka, firji, na'urar sanyaya ɗaki da janaretan maƙwabci duk suna shiga makirufo. Masana sun ƙayyade cewa don a auna raguwar amo da kyau, dole sautin gwaji ya zarce hayaniyar ɗaki da aƙalla desibel 35. Haka nan, idan aka ga siririn tsini a haz 50, da 100, da 150, to gurnanin wutar lantarki ne ya shiga ta waya, domin wutar Nijeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. A Amurka, inda take kaɗawa sau 60, tsinin yakan fito a 60 da 120. Hanyar tabbatarwa ita ce a cire cajar kwamfuta, a yi awon da batiri.

Sai kuma saitin kayan aiki. Kwamfuta takan zaɓi ƙaramin makirufon da ke jikinta ba tare da mai ita ya lura ba. Ƙwanƙwasa makirufon awo da yatsa zai nuna wanda yake aiki. Wayoyin hannu da kwamfutoci da yawa suna da tsarin rage hayaniya da daidaita ƙarfin murya da kansu, wanda yake da amfani wajen hira amma yana lalata awo, don haka a kashe shi. Makirufon awo irin UMIK-1 yana zuwa da fayil ɗin gyaran ma'auni iri biyu, ɗaya na lokacin da ya fuskanci lasifika, ɗaya na lokacin da ya dubi rufin ɗaki. Musanya su yana sa siraran sautuka su fito ba daidai ba. A ɗora shi kan sanda daidai tsayin kunnen mai zama, kada a riƙe a hannu, kuma a auna lasifikar hagu da ta dama ɗaya bayan ɗaya, saboda sautinsu kan soke juna a wasu wurare.

Idan awon daidai ne, zanen kuma bai daidaita ba

A nan ne sabon shiga ya fi ruɗewa. Ko an yi komai bisa ƙa'ida, ɓangaren sauti mai kauri zai nuna tuddai da ramuka masu zurfi, kuma wannan gaskiyar ɗakin ce. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Idan ya bugi bango ya dawo, yakan haɗu da wanda yake tafe, su ƙarfafa juna a wani wuri, su kashe juna a wani. Ana gano inda hakan zai fara ta raba 343 da ninkin tsawon ɗaki. Alal misali, ɗaki mai tsawon mita 5, da faɗin mita 4, da tsayin mita 3 zai yi gunji a kusan haz 34, da 43, da 57, da kuma ninkinsu. Ɗalibi yana iya auna ajinsu da tef, ya yi wannan lissafi da kansa.

Irin wannan sauti ya fi ƙarfi a jikin bango, ya fi rauni a tsakiyar ɗaki. Saboda haka wanda ya kafa makirufo a tsakiya zai ga rami, ya zaci lasifikarsa ba ta da ƙarfi. Haka kuma lasifikar da take da tazarar santimita 86 daga bangon bayanta takan haifar da rami a wajen haz 100, domin sautin da ya dawo daga bangon yana isowa a makare da rabin igiya, ya soke na asali. Gwajin da yake raba gardama mai sauƙi ne: a matsar da makirufo ko lasifika rabin mita, a sake awo. Idan ramin ya gusa, na ɗaki ne. Idan ya tsaya inda yake duk inda aka je, sai a soma tuhumar lasifika ko wayoyinta.

Bugu da ƙari, ƙara ƙarfin sauti ba ya cike irin wannan rami, tun da abin da yake dawowa daga bango shi ma ƙaruwa yake yi. Lasifika kawai za a wahalar. Labule da darduma suna shanye siraran sautuka, amma ba su da tasiri a kan igiyar haz 50, mai tsawon kusan mita 7. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango shi ma haka ne. Magani mafi arha shi ne sauya wurin zama da wurin lasifika, daga baya a sa abubuwan shanye sauti masu kauri a kusurwoyi.

Ga malaman kimiyya, wannan gwaji ne da ake iya yi a aji. A tanadi littafi, a rubuta lokacin awo, da tazarar makirufo daga kowane bango, da ko ƙofa a buɗe take, da yawan mutanen da ke ciki, kuma a sauya abu ɗaya tak kafin kowane sabon awo. Ɗalibin da ya saba da wannan tsari zai amfana da shi a duk ɗakin gwajin da ya shiga, ko na fiziks ne ko na ilimin sinadarai.